Abin da kamfanin da aka rushe ya koya mini game da haraji

A ofishin akantoci irin wanda nake ajiye aiki a cikinsa yanzu, babu fayil ɗin da ya kai na kamfanin da aka rushe rashin gata, domin ya daina kawo kuɗin aiki. Da zarar takardar soke rajista ta fito sai kowa ya ɗauka magana ta ƙare, alhali kuwa hukumar rajistar kamfanoni daban take da hukumar haraji, kuma kowacce da littafinta. Sunan da aka goge a can yana nan daram a nan, ana jiran bayanin ribarsa na watannin ƙarshe, da harajin da ya cire daga albashin ma'aikata, da na kayan da ya sayar ranar da ya rufe ƙofa.

Wannan shi ne abin da na rubuta wa shugaban sashenmu lokacin da wani ƙaramin kamfani na mutum biyu ya nemi mu taimaka masa ya rufe. Na nemi a fara miƙa bayanin haraji na ƙarshe, a biya abin da ya rage, a sami amsar hukumar a rubuce, sannan a nemi soke rajista. Amsar da ya ba ni ita ce: "Malam, kamfanin da ya mutu wa zai biya mana ladan wannan aiki? Ajiye shi." Daga baya wasiƙar tara da kuɗin ruwa ta iske tsofaffin daraktocin a gidajensu, mutanen da suka riga suka raba ɗan abin da ya saura suka kama wata sana'a. A gaban su biyun shugaban nan ya ce sakacina ne, kuma bai bari na fito da takardar da na rubuta masa ba, ko da yake tana ɗauke da kwanan wata da sa hannunsa na karɓa. Har yau abin yana yi mini ciwo, musamman da na ga ɗaya daga cikin daraktocin, dattijo mai mutunci, yana kallona a matsayin wanda ya cuce shi.

Da na zauna na bincika yadda wasu ƙasashe ke tafiyar da lamarin, sai na ƙara tabbatar da cewa tsarin da na nema ba tsanani ba ne. A Amurka, kamfanin da ya yanke shawarar rushewa yana da kwana 30 ya sanar da hukumar harajin ƙasar, wato IRS, ta takardar Form 966, sannan ya nuna a bayaninsa na shekara cewa shi ne na ƙarshe, kuma harajin albashin da aka cire ba a miƙa ba ana iya bin mai alhakinsa shi kansa. A Birtaniya kuwa, duk abin da ya rage da sunan kamfanin bayan rushewa, har da kuɗin banki da rarar harajin da ya kamata a mayar masa, yakan zama na masarauta, kuma galibi shekara 6 ake da ita a nemi maido da kamfanin cikin rajista. Ke nan gaggawa tana jawo asara ta fuska biyu, bashin ya biyo mutum, haƙƙinsa kuma ya kuɓuce masa.

Sauran darussan gajeru ne. Kada a rufe asusun banki kafin a gama da haraji, kada a zubar da takardu don kamfani ya rufe, kuma umarnin da aka ba ka da baki ka nemi a maimaita shi a rubuce.

Wanda zai karɓi teburina zai tarar da fayilolin wasu kamfanoni da ke shirin rufewa, kowanne da bayanin abin da ya rage masa a shafin farko. Ina roƙonsa kada ya tura takardar neman soke rajistar ko ɗaya daga cikinsu kafin hukumar haraji ta amsa, ko da wane ne ya ce ya tura.