Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hular Hafsa

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗaura mini igiya ta uku na zama saje, kuma na yi niyyar shiga labarin auren uwargida, amma maganar Baba Samanja ta hana ni sakat, don haka ita zan fara saukewa. Tun muna kurata a Zariya yake nanata mana ita: "Ba a gyara wa hafsa hula a gaban kurata." A lokacin na ɗauka tsoron manya yake koya mana.

Abin da farar hula ba su sani ba shi ne, yaron da ya gama makarantar hafsoshi ya ɗora anini ɗaya a kafaɗa, a take ake damƙa masa mutum talatin da 'yan kai, a cikinsu har da sa'o'in mahaifinsa. Ya san taswira, ya san dokokin aiki, amma bai san wane kofur ne yake ɓoye ciwon ƙafa don kada a ce ya gaza ba. Wannan sanin yana wurin saje, shi kuwa saje ba shi da ikon ba shi umarni. Sai ya ƙame ya sara masa tukuna, sannan ya nemi hanyar gyara shi.

Hafsan farko da na gyara, ɓata shi na yi. A filin fareti ya ba da umarni a karkace, layi ya hargitse, ni kuma na ɗaga murya na faɗi daidai kowa yana ji. Gaskiya tana wurina, amma daga ranar bai ƙara tambayata komai ba har aka yi masa canjin wuri, kuma duk kuskuren da ya yi bayan nan ina ganin ina da kaso a ciki. Da labarin ya kai wa Baba, bai yi mini faɗa ba, hularsa kawai ya taɓa ya kau da kai.

Sai da muka je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na biya wannan bashi. A watan Oktoba na 1992, lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka afka wa Monrobiya, babban birnin ƙasar, an ba mu wani sabon laftana mai ƙwazo da kunya. Saboda ya yarda da mutum huɗu fiye da saura, sai ya bar su a bakin gadi dare biyu a jere cikin ruwan sama, har na tarar da ɗayansu yana gyangyaɗi a kan bindiga. Kyaftin ɗinmu, wanda har yau ban yafe masa yadda yake tsinka ƙananan hafsoshi a gaban mutanensu ba, da shi ya gani da ya tara kowa ya yi masa kaca-kaca, kamar yadda ya yi wa wani yaro har ya kasa haɗa ido da kurtunsa.

Ni dai na jira asuba, na kai masa shayi, na ce: "Ranka ya daɗe, akwai abin da na gani a zagaye. Mutanen nan huɗu, yaushe rabonsu da barci?" Ya yi shiru yana lissafi. Ya ce: "Saje, me kake gani?" Na faɗa masa abu ɗaya tak, wato a riƙa sauya su bayan awa biyu-biyu, a kuma haɗa gogagge da sabon shiga, na riƙe sauran ƙorafina zuwa wata rana. Da gari ya waye shi ya tara su ya ba da umarnin da bakinsa, ni ina bayansa a ƙame, kuma har muka baro ƙasar babu wanda ya san daga ina shawarar ta fito.

Ina can Baba Samanja ya rasu, ban samu jana'izarsa ba, wasiƙar Inna ma sai bayan wata biyu ta iso ni. Na so ƙwarai in faɗa masa cewa na gyara hular a ɓoye. Shi kuwa laftanan, yana kanar ya zo ɗaurin auren autana, ya durƙusa ya gaishe ni a gaban Kawu da duk dangin da suka ce aikin soja bai tsinana mini komai ba. Labarin uwargida sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.