Dinarin Offa da wannan bakin nawa

Juma'a, sha ɗaya saura na dare. Yara sun yi barci, an ɗauke wuta, ni kuma idona ƙyam saboda wata magana da ba ta taka kara ta karya ba.

Da safe fa garau na tashi. Ina wanke-wanke, waya a saman firji, podkas ɗin nan nawa na tarihin tsohuwar Ingila yana ta zuba. Kun san tun bayan babbar salla nake bin sa. Yau muka iso harin Lindisfarne na 793, inda jiragen 'yan Baikin, maharan teku daga arewacin Turai, suka sauka a wannan ɗan tsibiri na Ingila suka yashe gidan ibadar Kiristoci tas. Wai marubutan lokacin sun ce a shekarar an ga dodanni masu aman wuta suna shawagi a sama. Na yi dariya ni kaɗai. Ko a nan, da zarar abu ya faru sai ka samu wanda ya ga alama tun shekaranjiya.

Amma kafin su kai ga harin sai da suka ratse ta kan Offa, sarkin Mercia, wata masarauta a tsakiyar Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796. A nan na ajiye soso. Ashe mutumin nan ya sa an buga masa kuɗin zinare da aka kwaikwayo daga dinarin Halifa Mansur na shekara ta 157 bayan Hijira. Na goge hannu na nemo hoton. Ga shi kuwa: kalmar shahada da Larabci ɓaro-ɓaro, a tsakanin layukan kuma an cusa OFFA REX da baƙaƙen boko. Yana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Haka na wuni da ɗoki, kamar ni na tono shi.

Bayan an sauko daga masallaci muka haɗu a gidan Inna kamar kullum. Kawu ya zo, har da surukansa biyu. Ana cikin shan fura na miƙa masa wayar, na ce Kawu ku ga kuɗin Sarki Offa.

Ya ce, "Offa ta Kwara?"

Aka kwashe da dariya, har da shi. Sai ya ɗauko tabarau ya maƙala, ya matso da wayar dab da hancinsa. Na ga leɓɓansa suna motsi. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ɗago ya ce Allahu akbar. Wallahi fuskarsa sai da ta canja. Ya ce ashe sarkin Ingila ya musulunta tun zamanin Abbasiyawa, Turawa suka binne maganar. Ya juya wajen Auta ya ce maza a tura masa hoton, zai sa a zauren 'yan masallacinsu.

Da a nan na yi shiru, ko na bari sai an watse, da yanzu ina barci.

Na ce a'a Kawu, ba haka ba ne. Kuma ban tsaya nan ba, bakin nan ya ɓalle. Na ce Offa Kirista ne har ya mutu. Shi ne ya sa Fafaroma Hadrian ya ɗaga darajar cocin Lichfield a 787, shi ne kuma ya yi alkawarin aika zinare 365 zuwa Rum duk shekara, ɗaya a madadin kowace rana. Na ce dinarin Musulmi a lokacin shi ne kuɗin da fatake suka yarda da shi a kasuwannin Bahar Rum, shi ya sa aka kwaikwaye shi. Na ce ku juya wayar ku gani, sunan sarkin a kife yake idan aka bi Larabcin, ga kurakurai a rubutun, maƙerin bai san sama da ƙasan abin da yake sassaƙawa ba, ado ya ɗauke shi. Duk wannan da sauƙi. Sai na rufe da cewa ai ba duk abin da ya yi wa mutum daɗi ake turawa a waya ba.

A gaban surukansa.

Kawu ya cire tabarau a hankali, ya naɗe, ya sa a aljihu. Ya ce, "To, madalla. Uwata ta yi boko." Ya ja kwanon furarsa. Inna ta yi min wani kallo da rabona da shi tun ina firamare. Hira ta koma kan tsadar taki.

Mutumin da ya fara ɗora min alli a kan allo ke nan. Shi ya saya min littafin karatu na farko da kuɗin aljihunsa lokacin da ake cewa karatun mace ɓata lokaci ne. Larabcin da ke jikin kuɗin ma shi ya karanta shi tiryan-tiryan, ni sai da na yi ta haɗa baƙi. Murnar minti biyu ya yi, na tsinke ta kamar ana biyana.

A mota baban su yara bai ce komai ba sai da muka kusa gida. Ya ce, "Gaskiya dai ke ce da ita." Ya yi shiru. Na jira sauran maganar, bai ƙarasa ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Abin da ke cin raina yanzu, ina da abin da ya fi wannan daɗi da zan ba shi, kuma na gaske. Da na ba shi labarin Ibn Fadlan, wanda Halifa Muƙtadir ya tura daga Bagadaza, ya haɗu da mutanen Rus, waɗanda ake ɗauka 'yan Baikin ne, a bakin kogin Volga a 922, ya ce dogaye ne kamar itatuwan dabino, ya ga yadda suka ƙona gawar shugabansu a cikin jirgin ruwa. Da na gaya masa a tsibirin Gotland na Suwidin an tono tsabar azurfa sama da 14,000 a wuri guda a 1999, kusan duka dirhamin ƙasashen Musulmi. Ko tukunyar da aka samu kusa da birnin York na Ingila a 2007, har da kuɗin Samarkand a ciki. Kawu zai yi sati yana ba da wannan labarin a majalisa. Ni kuwa na zaɓi in ci gardama.

Kuma in faɗi gaskiya, da safe da na fara ganin hoton, ni ma zuciyata ta ɗan yi tsalle irin nasa kafin mai shirin ya yi bayani. Tazarar da ke tsakanina da shi minti biyar ce ta podkas.

Littafin binciken kisan nan da nake karantawa, na York a hannun 'yan Baikin, na buɗe shi ɗazu da fitilar waya ko zan manta. Babi na sha tara. An kama mai niƙa, za a ba shi jan ƙarfe ya ɗauka ya yi tafiya da shi, a naɗe hannun, a buɗe bayan kwana uku a ga ko ya ruɓe. Ban yarda shi ne ba, matar mai jirgin nake zargi. Shafi biyu na karanta sau uku.

Gas ya kusa ƙarewa. Takalmin makarantar Babba ya sake buɗe baki.

Na rubuta wa Kawu saƙo na goge har sau huɗu. Ba abin waya ba ne, gobe da hantsi zan je da kaina, in tsaya in sayi goro fari irin wanda yake so.

Yanzun nan Auta ta turo min hoton allon wayarsa. Ya dai tura dinarin a zauren masallacin. Bai ce sarkin ya musulunta ba, bai ce bai musulunta ba. A ƙasa ya rubuta: "Uwata ce ta nuna min."

Na fi minti goma ina kallon layin nan. Caji saura kashi huɗu.