Mesar da Hajiya ta hana shiga falo

Ranar da na shigo da 'yar mesata, wadda Turawa ke kira ball python, gidanmu a Jidda, Hajiya ta leƙa akwatin gilashin, ta ja da baya tana salati, ta ce, "Yanzu kuma gardi ka koma?" Na ce mata ba ta da dafi, in ta tsorata dunƙulewa take yi kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Ta ce ita dai kada ta gan ta a falo. Har yau a ɗakina take.

Abin dariya, 'yar gida ce. Daga Ghana, Togo da Benin aka fi fitar da irin wannan ƙaramar mesa, a Najeriya ma akwai ta. Turawa ne suka yi ta haɗa barbara har launuka suka yawaita. A 1992 Bob Clark na Amurka ya fara samun zabiya ta hanyar kiwo, rawaya da fari, ido jajir. Wannan ko yaro ya gane ta. Haka mai dabbare-dabbare da ake kira piebald, wadda wani sashen jikinta fari ne fat kamar an goge zanen.

Tawa pastel ce, wato irin mai launin rawaya mai haske, kuma ita ta koya mini hankali. Lokacin da na saye ta ruwan ɗorawa ce shar, na biya ina murna. Bayan shekara biyu ta dushe ta koma ƙasa-ƙasa, har na rantse an cuce ni. Ashe haka yawancinsu suke yi in sun girma. Wani abokina da ya daɗe a harkar ya ɗaga ta kusa da taga ya nuna mini: tsakiyar kai kamar an wanke, ido da haske-hasken kore, baƙin gefen jiki yana kodewa, ciki fari tas. Ya ce a daina kallon rawayar kawai. Ya kuma hana ni yanke hukunci in tana shirin saɓa, don a kwanakin nan idon yakan yi fari-fari kamar hakiya, jiki duk ya yi toka-toka.

Inda ake cin kuɗin mutane shi ne a ce maka maciji "het" ne, wato yana ɗauke da jinin zabiya a ɓoye. Ido ba ya ganin wannan. In ka haɗa irinsu biyu, kowane ƙwai damarsa ta fitar da zabiya ɗaya ce cikin huɗu. Ba ka san iyaye ba, maganar mai sayarwa ka saya.

Spider kuwa, mai siraran layuka kamar yanar gizo-gizo, ko kyauta ba na so. Na ga wata tana karkata kai tana kai sara gefen ɓera, kuma lahanin tare da zanen yake zuwa.

Jiya na tarar da Hajiya a bakin ƙofata tana tambayar ko abar nan ta ci abinci.