Wasiƙa Daga Isfahan: Lardunan Farisawa da Ruwan da Ya Kafa Su

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya tare da iyali, ina rubuto muku ne daga birnin Isfahan na ƙasar Iran. Na lura cewa idan aka ambaci wannan ƙasa a wurinmu, abu biyu ne suke fara zuwa zukatan mutane, wato takun-saƙarta da Amurka da kuma makarantun addini na birnin Kum. Ina so in ajiye waɗannan a gefe, in yi muku bayanin ƙasar kanta, musamman lardunan da Farisanci ne harshen gidan mutanensu, domin a ganina ba a fahimtar tarihinsu ko gine-ginen da baƙi suke tururuwar gani sai an fara sanin yadda suka samu ruwan sha a tsakiyar hamada.

Iran tana da larduna 31, kuma ba duka ne na Farisawa ba. Mutanen Tabriz a arewa maso yamma Azari suke yi, wanda dangin Turkanci ne. Akwai Kurdawa a yamma, Larabawa a Khuzistan, sannan Baluchawa a kudu maso gabas. Cibiyar Farisanci ita ce tudun nan na tsakiya da gabashinsa: Fars, Isfahan, Yazd, Kerman, Semnan, Kum, Tehran da Khurasan. Jerin tsaunuka biyu ne suka yi wa tudun katanga. Alborz ya tokare arewa, a cikinsa ne tsaunin Damavand yake, mai tsayin mita 5,600 da 'yan kai, Zagros kuwa ya miƙe daga arewa maso yamma har zuwa kudu. Waɗannan tsaunuka suna tare hadarin da ya taso daga teku, saboda haka abin da yake isa tsakiyar ƙasa bai taka kara ya karya ba, kuma a can ne manyan hamadu biyu suke kwance, Dashti Kavir mai gishiri da Dashti Lut mai azabar zafi. Duk wanda ya duba taswira zai ga cewa tsofaffin biranen sun jeru ne a gindin tsaunuka, a bakin hamada, inda dusar ƙanƙarar da ta zuba da hunturu take narkewa ta nutse cikin ƙasa.

Dabarar fito da wannan ruwa ita ake kira kanat, kuma ta girmi Musulunci da ƙarnoni masu yawa. Ana fara haƙa babbar rijiya a gindin tsauni har a tarar da ruwa. Daga nan sai a tona hanya a ƙarƙashin ƙasa mai ɗan gangare kaɗan, ta yadda ruwan zai riƙa tafiya da kansa ba guga ba inji, har ya ɓullo a gari ko a gona, wani lokaci bayan tafiyar kilomita masu yawa. A kan hanyar ana jera ƙananan rijiyoyi domin fitar da ƙasa da shigar da iska ga masu haƙa. Babbar rijiyar kanat ta Gonabad, a Khurasan, zurfinta ya kai kimanin mita 300. Masu wannan sana'a a Yazd farin tufafi suke sawa idan za su sauka, kuma mutanen garin suna cewa likkafaninsu ne suke shiga da shi ko da rami zai rufta. Rabon ruwan ma da tsarinsa: mai kula da shi yakan ɗora ƙaramar tasa mai huda a gindi a kan babban kwano cike da ruwa, duk lokacin da tasar ta cika ta nutse an ƙirga ɗaya, kuma kowane manomi ya san yawan nutsewar da take haƙƙinsa kafin a juya ruwan zuwa gonar maƙwabcinsa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan magudanai cikin kayan tarihin duniya.

A Yazd ne aka fi ganin abin da kanat ya haifar. Ruwan saman da garin yake samu a shekara bai kai milimita 100 ba, amma ga shi birni ne mai tsohon tarihin saƙa da fatauci. Bahaushen da ya saba da lungunan cikin ganuwar Kano ko tsohon garin Agadas ba zai ji baƙunci a tsohon Yazd ba, domin ginin ƙasa ne, katangu dogaye, lunguna ƙuntatattu, wasu ma a rufe da soro saboda inuwa. Abin da zai ba shi mamaki shi ne hasumiyoyin iska da suke kan gidaje, waɗanda suke kira badgir. Suna kamo iskar sama su tura ta cikin ɗaki, sau da yawa ta bi ta kan tafkin ruwa, har mutum ya zauna cikin sanyi da tsakar rana ba tare da lantarki ba. Wadda take lambun Daulatabad tsayinta ya haura mita 33. A wasu tsofaffin gidaje kuma za ka sauka matakala mai zurfi har ka iske ruwan kanat yana wucewa ta ƙarƙashin gidan. Yazd ne kuma matattarar mabiya Zaradashta, waɗanda littattafanmu suke kira Majusawa. Suna da ɗakin ibada da wuta take ci a ciki ba dare ba rana, ana kallonta ta bayan gilashi, kuma a bayan gari akwai tuddai biyu da a da suke ajiye gawawwakinsu a kai, al'adar da aka daina a ƙarnin da ya wuce.

Kudu maso gabas da nan lardin Kerman ne, ƙasar darduma da dabino. A can ne ganuwar Bam take, ɗaya daga cikin manyan gine-ginen ƙasa na duniya, wadda girgizar ƙasa ta ranar 26 ga Disamba, 2003 ta rusa mafi yawanta tare da hallaka mutane fiye da 26,000. An daɗe ana aikin sake gina ta.

Lardin Fars, wanda daga sunansa muka samo Farisa, shi ne tushen daulolin farko. A Pasargad kabarin Sarki Sairus yake, wanda ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a kusa da shi har yanzu ana ganin magudanan dutse na lambun fadarsa. Kimanin kilomita 60 daga Shiraz akwai kufan fadar da Turawa suke kira Persepolis, mutanen nan kuma Takhti Jamshid. Sarki Dariyus ne ya fara gina ta wajen shekara ta 518 kafin Miladiyya, Iskandar na Makidoniya kuma ya cinna mata wuta a shekara ta 330 kafin Miladiyya. Galibin baƙi hotunan ginshiƙai suke ɗauka su wuce, amma ni abin da ya fi tsayar da ni shi ne sassaƙen da yake jikin matakalar babban zauren. An zana wakilan al'ummomi 23 suna kawo gaisuwa, kowace ƙungiya da irin tufafinta da abin da ta ɗauko, wannan da raƙumi, wancan da raguna, wani da tulu, kuma a gaban kowace ƙungiya wani bafade yana riƙe da hannun jagoranta. A ƙarshen layi akwai mutanen Afirka, ɗaya yana saɓe da hauren giwa. Ba nisa da wurin, a Nakshi Rustam, an sassaƙa Sarki Shapur na ɗaya a kan doki yana murnar kama Sarkin Rum Valeriyan a shekara ta 260 Miladiyya. Shapur ɗan gidan Sasan ne, gidan da Kisra ya fito, kuma mulkin gidan ya ƙare a 651 bayan rundunonin Musulmi sun yi nasara a Ƙadisiyya da Nahawand.

Shiraz, babban birnin lardin, garin lambuna ne da mawaƙa. Hubbaren Hafiz da na Sa'adi ba sa rabuwa da jama'a, kuma za ka ga iyali guda, daga kaka har jikoki, sun tsaya a kan kabari suna karanta baitoci da ka. Karim Khan Zand, wanda ya mayar da garin fadar mulkinsa a ƙarni na 18, shi ya bar kasuwar Wakil da ganuwar da take tsakiyar gari. Masallacin Nasirul Mulk kuwa sai an yi sammako, domin da hantsi ne rana take ratsa gilasansa masu launi ta zuba a kan dardumai. Wanda ya makara zai tarar da cunkoso kawai. Akwai kuma kabarin da 'yan yawon buɗe ido ba su damu da shi ba, amma ɗalibin zaure zai so ya ziyarta, wato na Sibawaihi, babban malamin nahawun Larabci, wanda Bafarise ne ɗan wannan lardi.

Haka abin yake a Khurasan, wadda aka raba ta larduna uku a 2004. Naisabur garin Imamu Muslim ne, Ɗus kuma garin Imamu Gazali da Firdausi, mawaƙin da ya kammala babbar waƙar tarihin sarakunan Farisa a 1010. Mashhad, birni na biyu a girma a Iran, ya taso ne a kewayen hubbaren Imam Rida, imami na takwas a wurin 'yan Shi'a, wanda ya rasu a 818 aka binne shi kusa da Halifa Haruna Rashid, da ya riga shi rasuwa a 809. Miliyoyin masu ziyara suke zuwa kowace shekara. Daga gonakin kudancin wannan yanki ne mafi yawan za'afaran ɗin duniya yake fitowa, kuma ba banza ba, domin tsiro ne da ba ya bukatar ruwa mai yawa.

Isfahan ta sha bamban da sauran saboda tana da kogi, Zayande Rud, wanda yake gangarowa daga Zagros. Shah Abbas na gidan Safawi ya mayar da fadarsa nan a 1598, ya shimfiɗa dandalin Nakshi Jahan mai tsawon kusan mita 560 da faɗin 160. A kudunsa babban masallaci ne mai shuɗin tayil, wanda idan ka tsaya a kan wani dutse a ƙarƙashin ƙubbarsa ka yi magana, muryarka takan dawo maka sau da dama. A gabas ƙaramin masallacin Shaikh Lutfullah ne, ba shi da hasumiya ko tsakar gida, kuma a wurina ya fi babban kyau. A yamma fadar Ali Kapu ce, inda sarki yake zama yana kallon wasan ƙwallon dawaki, a arewa kuma ƙofar kasuwa, inda ƙarar gudumar maƙeran tagulla ba ta yankewa. A hayin kogi unguwar Julfa ce, ta Kiristocin Armeniya da Shah Abbas ya kwaso, da majami'arsu ta Vank. Wannan ɗaukaka ta karye a 1722, lokacin da mayaƙa daga Afganistan suka yi wa birnin ƙawanya har ya miƙa wuya.

Sai dai kogin da aka gina duk wannan dominsa yanzu yakan yi watanni a bushe. Fari, madatsar ruwa, masana'antun ƙarfe, noman da ya faɗaɗa da bututun da yake kai ruwa Yazd sun haɗu sun fi ƙarfinsa, rijiyoyin burtsatse kuma sun janye ruwan ƙasa har kanat da yawa sun ƙafe, ƙasa tana lotsawa a wasu unguwanni. A watan Nuwamba na 2021 manoma sun kafa tantuna a cikin busasshen kogin suna neman haƙƙinsu na ruwa. Baƙo yana iya zuwa gadar Si-o-se Pol mai bakuna 33 ya tarar mutane suna ratsa ƙarƙashinta da takalmansu. Duk da haka, da yamma maza suna taruwa a ƙarƙashin gadar Khaju suna rera waƙoƙi, kuma ranar da aka saki ruwa daga madatsa gari duka yakan fito bakin kogi da tabarmi da butocin shayi.

Ga mai niyyar zuwa, watannin Afrilu da Mayu ko Oktoba sun fi daɗi, domin hunturun nan ba irin namu ba ne, zafin Yazd da Kerman kuma ba a wasa da shi. A guji makonni biyun da suke bin bikin sabuwar shekararsu ta Nauruz, wajen 21 ga Maris, saboda masaukai sukan cika. Katin banki na waje ba ya aiki saboda takunkumi, don haka a zo da kuɗi a hannu, a kuma riƙa tambaya ko farashin da aka faɗa na riyal ne ko na toman, tun da toman ɗaya riyal goma ne. Idan mai kanti ya ce a bar kuɗin, ladabi ne kawai irin nasu, a nace a biya. Kafin a sayi tikiti kuma a bincika halin tsaron da ake ciki da sharuɗɗan biza a ofishin jakadanci.

A gaishe mini da kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan'uwanku,
daga Isfahan