Wasa biyu a shekara: abin da jinyar ƴan dambe ta koya mini

A fadojin shan shayi na Yamai, duk wanda ya taɓa hana idonsa barci har asuba don ya kalli damben da ake yi a Las Begas ya san wannan ƙorafi: manyan ƴan damben zamani sun zama ragwaye. Mutum na kan ganiyarsa, ga ƙarfi ga suna, amma sai ya shekara bai hau dandamali fiye da sau biyu ba. Hujjar da ake kawowa kuwa ta gida ce. A gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ƴan kokowa 80 ke haɗuwa daga jihohi takwas, kuma cikin kwana goma wanda ya kai ƙarshe kusan kullum yana cikin fili. To me ya hana Anthony Joshua, babban ɗan damben Birtaniya?

Ni malamin asibiti ne. Na daɗe ina zama gefen dandamali da akwatin magani idan yaranmu na damben zamani za su kara, kuma nakan leƙa su wurin atisaye da yamma in na tashi aiki. A nan na fahimci cewa wasan da mutane ke gani a tele ɗan ƙaramin kashi ne na dukan da ɗan dambe ke sha.

Babban wasa na kambun duniya turmi 12 ne, kowane turmi minti uku, wato minti 36 in an kai ƙarshe. Amma kafin wannan dare, ɗan dambe kan shiga sansanin horo na mako 8 zuwa 12. A can ana ɗauko masa abokan gwaji masu kama da abokin karawarsa a tsawo da salo, ana biyansu don su dake shi da gaske. Turamen da yake yi da su sun ninka na ranar wasa sau da yawa. Wanda ya yi wasa biyu a shekara, ya kwashe wata huɗu zuwa shida ke nan naushi na sauka a kansa, ba tare da ɗan kallo ko ɗaya ya gani ba.

Kuma kai ake nema. Nan ne kokowa da dambe suka raba hanya. Ɗan kokowa in an kayar da shi zai tashi ya kakkaɓe rairayi. Yana iya samun targaɗe a gwiwa ko gocewar kafaɗa, amma ba wanda ya shigo fili da nufin girgiza masa ƙwaƙwalwa. A dambe kuwa, naushin da ya sami haɓa yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai daga ciki. Sau da yawa ko an ɗauki hoton kai ba a ganin komai, alhali an yi ɓarna.

Akwai wani yaro, bai kai shekara ashirin ba, da aka kai ƙasa a turmi na biyu. Ya miƙe kafin alƙali ya gama ƙirga, ya ƙarasa wasan da ƙafarsa, jama'a na ta tafi. Da muka koma ɗakin canza kaya ina kwance masa bandeji, sai ya ce, “Majo, ni na ci ko?” Na ba shi amsa. Ban gama hannu ɗaya ba ya sake tambaya, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. Na tambaye shi yau wace rana ce, ya tsaya yana kallon takalminsa. Bayan ƴan kwanaki sai ga shi wurin atisaye da safar hannunsa a rataye, yana cewa, “Majo, ai na warke, kaina ma ba ya ciwo.” Na ce, “Ɗana, ajiye safar nan. Gudu kaɗan na yarda in an jima, amma ba mai taɓa maka kai sai wa'adi ya cika.” Ya yi fushi da ni sosai. Abin da nake tsoro shi ne bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama murmurewa daga na farko ba, don shi ne ke iya kawo kumburi ko zubar jini. Saboda haka ne a ƙasashen da aka tsara sana'ar, wanda aka sumar da shi ake dakatar da shi daga wata ɗaya zuwa uku, wani lokaci har da hana shi gwaji.

Tsagar gira ma ba ƙaramin abu ba ce. Fata kan haɗe cikin mako ɗaya ko biyu, amma tabon bai yin ƙwari sai an ɗauki lokaci, kuma naushin farko da ya same shi zai sake buɗe shi. An sa ranar karawar Tyson Fury da Oleksandr Usyk a watan Fabrairun 2024 a Riyad. Fury ya tsage a gira wurin gwaji, aka ɗage wasan zuwa 18 ga Mayu. Wata uku a kan rauni ɗaya.

Sai batun sikeli, wanda ya fi komai tayar mini da hankali a nan gida. Yawancin ƴan dambe nauyinsu na yau da kullum ya fi na ajin da suke wasa, don haka kafin ranar awo sai sun zubar da kilo da dama, kuma na ƙarshen duk ruwan jiki ne. Na ga yaro a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, ya naɗe jikinsa da leda a ƙarƙashin riga yana tsallen igiya, leɓensa ya bushe ya tsattsage, fitsarinsa ya koma kalar shayi. Ƙoda ba ta jure wannan kowane wata. Babban ɗan dambe yana da likita da mai tsara masa abinci, duk da haka bai iya maimaita wannan matsi sau shida a shekara.

Masu ƙorafi sukan ce ai mutanen da sun fi haka yi, kuma gaskiyarsu. Henry Armstrong ya yi wasa 27 a 1937 kaɗai. Sugar Ray Robinson ya kara da Jake LaMotta sau biyu a watan Fabrairun 1943, a tsakani kuma ya yi wani wasan da wani mutum daban. Sai dai a zamaninsu kuɗin ƙofa ne abincin ɗan dambe. In bai hau ba, tukunya ba ta hau ba. Robinson ya yi wasa wajen 200, ya ƙare rayuwarsa da cutar mantuwa. Tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin ƴan dambe ke tangaɗi da sarƙewar harshe kamar sun sha wani abu. Kuma bayan rasuwar Duk Koo Kim a 1982, wanda ya faɗi a turmi na 14 a hannun Ray Mancini, aka fara rage wasan kambu daga turmi 15 zuwa 12.

Amma ba zan ce kiyaye lafiya ne kaɗai dalili ba, don ba haka ba ne. Mike Tyson ya yi wasa 15 a 1985 yana kan hawa, yawancinsu gajeru da waɗanda ba sa'anninsa ba. Da mutum ya kai sama sai lissafi ya canza. Yanzu gidajen tele ke sayar da wasa ɗaya ɗaya, kuma talla na son watanni. Karawar Floyd Mayweather da Manny Pacquiao a 2015 an saye ta sau miliyan 4.6, a kan dalar Amurka kusan 100, bayan an shafe sama da shekara biyar ana jan ciniki. Wanda dare ɗaya zai ba shi abin da zai ci har jikoki, me zai kai shi wasa huɗu? Ga ƙungiyoyi huɗu masu ba da kambu, WBA, WBC, IBF da WBO, kowace da wanda take tilasta wa zakara ya kara da shi. Ga masu shirya wasa da ba sa ga maciji da juna. A 2021 an kusa kammala maganar Joshua da Fury, sai mai sasanci ya yanke cewa dole Fury ya koma ya kara da Deontay Wilder karo na uku, magana ta watse.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tsoron faɗuwa. Tunda Mayweather ya yi ritaya da nasara 50 ba a taɓa cinsa ba, sai matasa suka ɗauka faɗuwa ɗaya ta kashe kasuwar mutum, suka koma zaɓen abokin karawa da jinkiri. Terence Crawford, gwani irin wanda ba a cika samu ba, sau ɗaya ɗaya ya yi wasa kowace shekara daga 2020 zuwa 2024. Wannan ba umurnin likita ba ne. Muhammad Ali ya kare kambunsa sau biyar a 1966, Canelo Alvarez ya yi wasa huɗu tsakanin Disambar 2020 da Nuwambar 2021. A ganina, zakaran da bai sha mugun duka ba zai iya uku a shekara lafiya lau, kuma ƴan kallo na da haƙƙin su yi ƙorafi in ya ƙi.

Mu a nan matsalarmu ta sha bamban. Yaranmu na damben zamani turmi uku suke yi, kuma su wasa ne ya yi musu kaɗan: sai yaro ya yi ta atisaye watanni bai sami gasa ba, ranar da ya fita waje ya haɗu da wanda ya ninka shi gogewa. Lambar tagulla da marigayi Isaka Dabore ya ciyo a Miyunik a 1972 ita ce ta farko da Nijar ta samu a wasannin Olamfik, kuma har yau ita kaɗai ce ta dambe. A damben gargajiya kuwa, da kaka ta yi, za a kashe mutum, wato a kai shi ƙasa, yau a wannan gari, jibi ka ji ya naɗe hannu a wani garin, ba wanda ya san an taɓa sumar da shi sai abokan tafiyarsa.

Shi ya sa duk yaron da ya biyo ta hannuna nake buɗe masa ɗan karne, in rubuta ranar da ya faɗi, ko ya suma, da ranar da zai iya komawa gwaji, in sa kocinsa ya sa hannu. Ina roƙon masu shirya wasa, na zamani da na gargajiya, su riƙa tambayar wannan karne kafin su bar yaro ya shiga fili. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba.