Zariyar da ke bakin tumbi

Ƙannena masu aikin dare, musamman ku teloli da ke kwana kan keke idan Sallah ta matso, da ku nake, kan maganar ƙwannafi. A Aboabo, can ƙasar Ghana, na koyi ɗinki, a can kuma na koyi cin dare. Sha biyu ta buga sai mu aiki yaron shago ya sayo indomi da ƙwai, ko wake da shinkafa a labta shito, soyayyen yajin nan na Ghana, mu kora da ataya mai na'ana'a, sannan in miƙe kan tarin yadi. Wajen ƙarfe biyu sai wani ruwa mai tsami ya taso mini har wuya, ƙirji kamar an zuba garwashi.

Na yanke wa kaina hukunci cewa olsa ce. Mma ta jiƙa mini kanwa, abokai suka ce madara, mai kemis ya ba ni farin maganin nan na kwalba. Kowanne yakan kwantar da wutar na ɗan lokaci, gobe ta dawo. Sai da muryata ta fara dishewa da safe, ga tarin dare ba mura, na kai kaina asibiti. Likitar ta ɗauki biro ta zana mini abin a takarda, nan na gane shekarun da na yi ina faɗa da tsami, ƙofa ce na yi ta lalatawa.

Bututun da ke kai abinci daga wuya zuwa tumbi tsawonsa kusan santimita 25 ne, wato inci 10 a tef ɗinmu. Yana da matsewa biyu. Ta sama tana bayan maƙogwaro, a rufe take sai lokacin haɗiya, ita ke hana iska shiga bututun idan kana numfashi. Ta ƙasa, a bakin tumbi, ita ce mai rigimar. Tsoka ce da ba ta wuce santimita 3 zuwa 4 ba, ni da zariyar wando nake kwatanta ta, sai dai wannan zariyar ba kai kake jan ta ba. Abinci ya iso ta saki, ya wuce ta tsuke. Faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda muke numfashi da ita, ta kewaye wurin tana ƙara mata riƙo. Idan tumbi ya cika ya kumbura kuma, zariyar kan saki da kanta don iska ta fita, wannan ita ce gyatsa.

Tumbi yana da yauƙin da ke kare shi daga asid ɗinsa, bututun abinci ba shi da irin wannan rigar. Shi ya sa ƙwannafi sau da yawa ba yawan asid ba ne, asid ne ya je inda ba gidansa ba.

To ku duba abin da nake yi wa wannan zariya. Na cika ciki dam, sai ta yi ta saki. Maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, na'ana'a da taba sigari suna sa tsokar ta yi laushi. Ga teɓa ta fara fitowa, ga bel a ɗaure tam, ga duƙawa kan keke, duk suna matso cikin zuwa sama. Sannan in kwanta. A zaune ko a tsaye, abin da ya taso yakan koma da nauyinsa, miyau ya bi shi ya wanke. A barci kuwa miyau ya ragu, haɗiya ta ragu, tsamin ya zauna yana cin wurin. Watan azumi ya fi kowane lokaci wahalar da ni, don ina gama sahur da sallar asuba nake komawa shimfiɗa.

Abin da ya gyara ni ba shi da tsada. Na bar awa 3 tsakanin cin dare da kwanciya. Na koma kwanciya ta gefen hagu, inda bakin tumbi ke zama sama da abin da ke cikinsa. Na sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗagu kamar santimita 15 zuwa 20. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ka kawai yake ya ƙara matse cikin. Shito kam ban daina ba, ƙarya zan yi in ce na daina, na dai mayar da shi cin rana.

Har maganin likita sai da na ɓata. Omeprazole, maganin rage asid ɗin tumbi, ana shansa kamar minti 30 kafin karin kumallo, ni kuwa sai wuta ta tashi nake haɗiya, in ce ba ya aiki. Ga diclofenac da nake sha don ciwon baya, ashe shi ma yana fama wurin.

Amma idan abinci ya fara tsaya maka a ƙirji, ko kana rama ba dalili, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, wannan ya wuce bulo da kanwa, asibiti za ka nufa ranar. Haka ciwon ƙirjin da ya zo da gumi ko ya sauka hannun hagu, kada ka tsaya kiransa ƙwannafi, zuciya ma haka take yi.