Abin da teburin bashi ya koya mini a Yamai

Shekara shida na yi a sashen bayar da bashin gina gida na wani banki a Yamai, kuma darasin da ya fi zauna mini a rai na same shi ne daga wani dattijo, ma'aikacin gwamnati, wanda ya zo neman miliyan 10 na sefa domin ya gina ɗakunan haya a filinsa na unguwar Banifandu.

Da na ce masa kuɗin ruwan 9 cikin ɗari ne, sai ya yi murmushi, domin a lissafinsa abin bai kai miliyan ɗaya ba. Na juyo masa da takardar, na ce, "Baba, a shekara ne." Idan aka shimfiɗa bashin a kan shekara 15, zai riƙa biyan kusan jika 101 kowane wata, jimillar kuma ta haura miliyan 18. A watan farko, jika 75 daga ciki ruwa ne tsantsa, uwar kuɗin da kyar take motsi. Da a shekara 7 ne, biyan wata zai kai kusan jika 161, amma jimillar ba za ta wuce miliyan 13 da rabi ba sosai. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin rigarsa. Hayar da dillali ya yi masa alkawari ba ta kai biyan watan ba, ko da a ce ɗaki ba zai taɓa kwana babu ɗan haya ba, abin da ban taɓa gani ba.

Daga ranar na daina fara magana da adadin ruwa, na koma fara ta da tsawon wa'adi da abin da zai rage a albashi. Na kuma daina raina kangayen da ke bakin gari, waɗanda masu su ke ɗora bulo sannu a hankali, wasu don gudun riba, wasu don sun yi wannan lissafin tun kafin mu.

Bankuna ma suna da uzurinsu, tunda ajiyar jama'a ta ɗan lokaci ce, bashin gida kuwa na shekaru ne, kuma shi ya sa aka kafa CRRH, asusun tallafa wa bashin gida na ƙasashen sefa na Yammacin Afirka, a Lome domin samar musu da kuɗi mai dogon zango. Sai dai ko an samu kuɗin, banki ya fi natsuwa da cikakkiyar takardar mallaka fiye da takardar sayen fili, wadda ita ce kaɗai a hannun dattijon. Ya naɗe ta ya mayar cikin leda, ya ce zai fara da ɗaki biyu bayan damina.